Idan Ɗan'uwanka Ya Fito Daga Ƙungiyar Ɓata

Akwai wani irin majiyyaci da yakan zo asibiti sau uku, sau huɗu, da kuka iri ɗaya. Kai yana ciwo, gaba yana faɗuwa, barci ya ƙi zuwa, wani abu yana yawo a jiki kamar kiyashi. A gwada jini, babu zazzaɓin cizon sauro. A gwada taifot, babu. Ya sha magani, ya koma gida, bayan sati biyu ga shi kuma. Sai ranar da aka zauna da shi ba tare da gaggawa ba, sa'an nan za a ji cewa ya yi shekaru a hannun wani "annabi" ko wani malami da ya raba shi da danginsa, kuma bai daɗe da fitowa ba.

Mai karatu, watakila akwai irin wannan mutum a gidanku ko a ikilisiyarku. Wannan ɗan littafi dominka ne, kai da za ka zauna tare da shi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ranar da mutum ya fito daga irin wannan ƙungiya, ranar ce jinyarsa ta fara.

Wace ce ƙungiyar ɓata?

Kada ka ɗauka ina nufin kowace ɗariƙa ko kowace ikilisiya da ba taka ba. Mutum yana iya barin cocin ubansa ya shiga wata, ko ya canja malami, lafiyarsa lau. Ƙungiyar da nake magana a kanta, da aikinta ake gane ta. Mutum ɗaya ne ke da magana, ba a yi masa tambaya. Yana koya wa mabiyansa cewa duk wanda ke waje hallakakke ne, har uwar da ta haife su. Shi ne zai ce ka sayar da gonarka, shi ne zai zaɓa maka mata ko ya raba ka da ita, shi ne zai ce kada ka sha maganin asibiti. In ka yi maganar tafiya, sai a ce za ka haukace, ko 'ya'yanka za su mutu. Inda aka sa wa ƙofar fita tsoro haka, wurin ya zama kurkuku ko da babu katanga.

Wannan cuta ba ta zaɓi addini ba. A ƙasar Guyana, a Nuwamba 1978, mutum fiye da 900 na ƙungiyar Jim Jones suka mutu da guba, yara da yawa a cikinsu. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, ranar 17 ga Maris 2000, aka ƙone ɗaruruwan mutane a cikin ɗakin sujadarsu. Shugabannin nan duka da sunan Kirista suka fara. Mu ma a arewa mun ga namu.

Abin da ya faru a Kano

Dattawanmu suna tune da Maitatsine. Sunansa Muhammadu Marwa, mutumin Marwa ne ta arewacin Kamaru. An sa masa wannan laƙabi saboda yawan tsine wa duk wanda bai bi shi ba. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya kore shi daga gari a 1962, amma daga baya ya dawo, ya kafa zango a unguwar 'Yan Awaki. Ya hana mabiyansa rediyo da agogo da keke, ya ce tara kuɗi kafirci ne. Malaman Kano sun ƙi koyarwarsa.

Su wane ne suka bi shi? Galibi gardawa ne da almajirai da 'yan cirani, samari daga ƙauyuka irin namu da suka shiga birni neman abinci. Birnin ya cika da kuɗin man fetur a shekarun nan, su kuwa suna kwana a bakin kasuwa. A 'Yan Awaki suka sami tuwo, da wurin kwana, da wanda ya san sunansu, da wanda ya gaya musu cewa su ne zaɓaɓɓu, masu motocin nan kuwa 'yan wuta ne. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan, gama shi ne mabuɗin maganar duka. Ba wanda ya tashi da safe ya ce bari in shiga ƙungiyar ɓata. Abin da mutum ya shiga nema abu ne mai kyau: 'yan'uwa, da daraja, da Allah.

Faɗa ya tashi ranar 18 ga Disamba 1980 a filin Shahuci, ya yi kwana goma da wani abu kafin soja su murƙushe shi. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu, har da shi Marwa. Aka ce ai shi ke nan. Amma a Oktoba 1982 wuta ta sāke tashi a Bulumkutu kusa da Maiduguri, da kuma Kaduna. A Fabrairu 1984 ta tashi a Jimeta a ƙarƙashin Musa Makaniki, mutane da yawa suka rasa rai da gidaje. A Afrilu 1985 ta kai Gombe.

Shugaba ya mutu tun 1980, me ya sa mabiya suka yi ta haɗuwa har shekara biyar? A ganina amsar ba ta da wuya. Yaron da ya tsira daga 'Yan Awaki, ina za shi? Ya riga ya kira ubansa kafiri. A ƙauye sunansa ya zama "ɗan Tatsine", ba mai ba shi 'ya, ba mai ɗaukarsa aikin gona. Ba shi da sana'a. Mutanen da za su buɗe masa ƙofa su ce maraba su ne waɗanda ya baro. An watsa zangon, amma ba a shirya wa kowa wurin sauka ba.

Jiki ya fito, zuciya tana ciki

A 2023 aka tono gawawwaki fiye da 400 a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, mabiyan wani fasto mai suna Paul Mackenzie da ya ce su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu. An ceto waɗansu da rai. Abin mamaki, a wurin da aka ajiye su ana kula da su, da yawa suka ƙi cin abinci, har aka kai 65 daga cikinsu kotu. Faston yana tsare, ba mai tsaye a kansu da sanda, amma muryarsa tana nan a kunnensu. A garin Ondo kuma, a Yuli 2022, 'yan sanda suka fitar da mutum 77 daga wani ɗaki a ƙarƙashin coci, inda suke jiran dawowar Almasihu a ranar da fasto ya sa. Akwai yaran da aka cire daga makaranta saboda wannan jira.

Saboda haka kada ka yi mamaki in ɗan'uwanka ya dawo gida amma bai yi murna ba.

Abu na farko da za ka gani shi ne tsoro. An yi shekaru ana gaya masa abin da zai sami wanda ya fita. Yanzu in yaronsa ya yi zazzaɓi, ko akuya ta mutu, ko ya yi tuntuɓe, zuciyarsa ta ce la'anar ce ta iso. Yana iya gaya maka da bakinsa cewa shugaban maƙaryaci ne, da dare kuwa ya farka jiƙe da gumi don ya yi mafarkinsa. Wata waƙa, ko ƙanshin wani turare, ko jin an ɗaga murya wajen addu'a, sai jikinsa ya ɗauki rawa kamar yana can. Wannan ba aljani ba ne. Jikin da ya daɗe cikin firgita yakan saba da zaman ko-ta-kwana: zuciya tana bugawa da sauri, naman wuya da na kafaɗa a ɗaure, ciki ba ya narkar da abinci da kyau. Daga nan ciwon kai da ciwon ciki da rashin barcin suke fitowa. Irin wannan muke gani ga waɗanda suka tsira daga hari ko haɗarin mota. Ciwon na gaske ne, ko da gwajin jini bai nuna kome ba.

Sai kuma wani abu da yakan ba dangi haushi ƙwarai. Ka tambaye shi, gero za mu shuka a fadamar nan ko dawa? Ya yi shiru. Ka aike ta kasuwa, ta tsaya gaban mai atamfa ta kasa zaɓa. Za ka ce lalaci ne ko wauta. A'a. Ƙafar da ta yi wata biyu a ɗaure, ran da aka kwance ta ba ta ɗaukar mai ita. Shekara nawa wani ne ke yanke masa lokacin tashi, da abin da zai ci, da wanda zai gaisar.

Kunya ita ce ta fi nauyi, ita ce kuma ba a faɗi. Wani ya sayar da gonar gado ya kai kuɗin. Wata ta ja ƙanwarta ciki, ƙanwar kuwa tana can har yanzu. Wani bai zo jana'izar uwarsa ba don an hana shi. Akwai matan da shugaba ya kwana da su da sunan tsarkakewa, akwai iyayen da ɗansu ya mutu a hannunsu don an ce magani rashin bangaskiya ne. Mai ɗauke da irin wannan kaya yakan guje wa mutane, ya rufe kansa a ɗaki, wani ya faɗa giya ko tiramadol don ya sami barci.

Kuma zai yi kewarsu. Wannan yana da zafi a kunnen dangi, amma gaskiya ce. Can yana da abokai da suke ci a kwano ɗaya, yana da aiki, yana ji shi wani ne. Nan gida kowa yana harkarsa. In ya ce yana tunanin mutanen can, kada ka daka masa tsawa. Wanda aka hana faɗin kewarsa a gida, zai je ya faɗa wa waɗanda yake kewa.

Me za ka yi?

Ka fara da jiki. In ya fito daga dogon azumi ko yunwa, ya rame ƙwarai, kada a cika masa kwano da tuwo da nama don tausayi. Abinci mai yawa farat ɗaya bayan doguwar yunwa yana rikita gishirin jini, har zuciya ta tsaya a kwanakin farko. A ba shi kunu kaɗan kaɗan, a kawo shi asibiti a ranar. In yana tari fiye da sati biyu, a gwada majina don tarin fuka, gama cunkoso a ɗaki ɗaya shi ne gonar wannan ciwo. Macen da aka taɓa ba da son ranta ba, a gwada ta don ciki da ƙanjamau da ciwon sanyi, a asirce, wurin ma'aikaciya mace in ta fi so. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko farfaɗiya da aka sa ya bar maganinsa, a mai da shi kan magani.

A gida kuwa, ka riƙe harshenka daga "ai mun gaya maka". Ya sani. Kada a tara dangi a tsakar gida a sa shi ya ba da labari. Zai faɗa da kansa, gutsure gutsure, watakila bayan watanni, watakila wajen shara ko a hanyar gona. In ya fara, ka saurara, kada ka gyara masa magana. Ka ba shi ƙananan abubuwa ya yanke da kansa, ka jira ko da ya daɗe. A ba shi kunya biyu a gona, ko a ba ta ɗan jarin ƙosai. Hannun da ke da aiki da kuɗin kansa ba ya saurin komawa.

Ku fastoci da dattawan ikilisiya da matan zumunta, ina da roƙo gare ku. Na san muna son shaida. Amma kada a tsai da mutumin nan gaban jama'a ranar Lahadi ta farko a ce ya faɗi abin da ya yi. Kada a kewaye shi da ihu ana korar aljanu, ko a ɗora masa azumin kwana bakwai. Irin abin da ya gudo daga gare shi ke nan. In ya zauna a benci na baya, ya fita kafin a tashi, ku bar shi. In ya yi wata shida bai iya shiga ɗakin sujada ba, ku je gidansa ku gaishe shi, ku sha ruwa, ku tafi. In maƙwabcinka Musulmi ne, haka nan: ka taimake shi ya sami malami mai haƙuri wanda ba ya jin haushin tambaya. Kada ka mai da rauninsa ƙofar jan shi zuwa naka addini.

Kada kuma a kai shi gidan mari. A Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka sami maza da yara fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali.

Yaushe za a kawo shi da gaggawa?

In ya ce gara ya mutu, ko ya fara raba kayansa yana sallama da mutane, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da maganin ɓera da igiya daga inda hannunsa zai kai, a kawo shi. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Haka in ya daina ci da sha, ko ya yi kwanaki bai runtsa ba, ko yana jin muryoyi suna ba shi umarni. In mafarkai da firgita sun wuce wata ɗaya ba su ragu ba, shi ma a zo. Akwai magani mai taimako, amma yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a ji aikinsa, kuma ba a barinsa don an ji sauƙi sai da shawarar likita. Abin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akan tura shi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, na Dawanau a Kano, na Kware kusa da Sakkwato, ko na Maiduguri.

Yaran da aka haifa a ciki, ko suka girma a ciki, su ba su da wani gida da za su tuna. Duniyar da kake kira gida, a wurinsu ita ce ƙasar hallakakku da aka yi ta tsorata su da ita. Wani zai koma fitsarin kwance, wani ya ƙi wasa da sauran yara, wani ya riƙa tsine wa kakarsa da kalmomin da bai san ma'anarsu ba. Kada a doke shi a kan wannan. A sa shi makaranta ko da ya girme wa 'yan ajinsa, a sanar da malaminsa a keɓe. Yawancin yaran nan ba su sami allurar rigakafi ba. Ku kawo su ranar awo, ko da babu kati, ko da an wuce lokaci. Za a duba shekarunsu a fara musu abin da ya dace, a auna nauyinsu, a ba su maganin tsutsar ciki.