Tsakanin Famfo da Moɗa

Wanda ya tsaya a kan madatsar ruwa ta Goronyo a ƙarshen damina, ya ga ruwa shimfiɗe iya ganinsa, da wuya ya yarda cewa ruwan sha abin magana ne a wannan yanki. An kammala madatsar a kan gulbin Rima a 1984, tsawonta kilomita 12 da rabi, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Daga nan ake sako ruwan da ake tacewa don birnin Sakkwato. Amma a garuruwan da ke kwana suna tashi kusa da gulabe, daga Shinaka zuwa Achida, daga Wurno zuwa Gandi a ƙasar Rabah, abin ya zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Abin da galibin gidaje ke kira ruwan famfo, ruwan rijiyar burtsatse ne da aka tura tankin sama, ko na tuƙa-tuƙa, ko wanda ɗan ga-ruwa ya turo a kura.

Samun famfon kansa ci gaba ne. Sai dai mun saba auna ruwa da ido. Mun taso da karatun cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba. Wannan hukunci ne na alwala da wanka, kuma yana nan daram. Matsalar ita ce yadda muka ɗauko shi muka ɗora a kan ruwan sha. Ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa, da taifod, da zawon yara, ba su sauya launi ko ɗanɗano. Kofi guda garai-garai yana iya ɗauke da abin da zai kwantar da gida. Shi ya sa ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ba ta tsaya ga gani ba: ta ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100, domin ganinta shaida ce cewa bayan gida ya sami hanyar shiga ruwan.

Ta ina yake shiga? Wani lokaci tun daga bututu. Famfon da ke zuwa yau ya ɗauke gobe yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Idan bututu cike yake, ruwa ne ke tsiyaya waje ta inda ya tsage. Da zarar an ɗauke, ƙarfin ya faɗi, sai tsagar ta koma zuƙo abin da ke kewaye da ita, kuma kowa ya san bututunmu ta cikin kwata yake ratsawa. Ruwan farko da ya zo bayan ɗaukewa, a ba shuka ko a yi wanki da shi. Sai tanki: nawa ne aka taɓa hawa aka wanke tun ranar da aka yanke ƙyalle aka buɗe shi? Wani ma murfinsa iska ta yar tun bara, tattabaru sun mai da shi wurin hutu.

Amma inda aka fi yin ɓarna shi ne cikin gida, kuma nan ne ba mu son a taɓa. A duba randar da ke gindin bishiya a tsakar gida. Ruwanta sanyi ƙarara, an rufe ta da faifai, moɗa tana kife a kai. Yaro ya dawo daga wasan ƙasa, ya ɗauki moɗar, ya zura hannu har gwiwar hannu saboda ruwan ya yi ƙasa, ya sha, ya mayar da ragowar ciki. Moɗar ta faɗi, ƙanwarsa ta ɗauka ta goge da gefen zane. Kafin la'asar hannu goma sun shiga randar nan. Ko daga Zamzam aka ɗebo ruwan, a haka zai ƙare. Ba ina cewa a fasa randa ba ne. A zafin Afrilu na ƙasar Sakkwato wanda ya ce a rabu da ita bai san abin da yake faɗa ba. A sa mata ludayi mai dogon mariƙi a rataye shi a sama, a riƙa zubawa a kofi, ko a sa magini ya yi ta da ƙaramin baki da kan famfo a gindi. A wanke ta kafin a juye sabon ruwa, ba a yi ta ƙari a kan tsohon ba.

Maganin ƙwayoyin ba sabo ba ne. Tun 1908 birnin Jersey City na Amurka ya soma zuba sinadarin kulorin a ruwan jama'a, kuma taifod ya ja baya a biranen da suka bi sahu. Amfanin kulorin a kan tafasawa shi ne yana zama a cikin ruwan ya ci gaba da gadi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a sami aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a inda ruwa ya iso hannun mai sha. A gida, ƙwayar Aquatabs ko ruwan WaterGuard suna yin wannan aiki: a bi awon da ke jikin takardar, a jira minti 30. Ɗan warin da mutane ke ƙi, har su ce ruwan asibiti ne, shi ne alamar mai gadin yana nan. Idan ruwan ya yi gauraye, sai an fara kwantar da shi da alif ko dakakken ƙwallon zogale a tace, don laka tana cinye ƙarfin maganin. Tafasawa tana kashe ƙwayoyi sarai, amma da tsadar itace, gida mai mutum goma sha biyar ba zai jure ta kullum ba. A ware ta ga jarirai da marasa lafiya.

Ƙasar nan kuma tana da nata hali. Masana duwatsu sun raɗa wa wasu shimfiɗun ƙarƙashinta sunayen garuruwanmu, akwai na Wurno, akwai na Taloka, kuma ruwan da ake haƙowa daga irinsu yakan zo da sinadarin ƙarfe. Shi ne ke sa ruwa ya fito fari, ya kwana ya yi ja, ya ɓata farar riga. Ba shi ne abin tsoro ba. A sheƙa ruwan ya sha iska, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye. Haɗarinsa shi ne ya kori mutane daga burtsatse su koma gulbi, su gudu daga tsatsa su faɗa wa kwalara. Wanda ya fi shi sharri ba ya nuna kansa: sinadarin naitiret da ke tsiyaya daga takin zamani da masai zuwa gajerun rijiyoyi. A fadamun da ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa rani da damina, wannan abin dubawa ne. Iyakarsa miligiram 50 a lita, jarirai ya fi cutarwa, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. Sai gwaji, sai kuma nisanta rijiya daga masai da kamar mita 30.

Ribar ruwa mai tsabta tana bayyana ne a abin da bai faru ba, shi ya sa ba a yi mata biki. A 2021 Nijeriya ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Sakkwato tana cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Zawon yau da kullum bai kai wannan amo ba, amma shi ke tsotse yaro a hankali har ya kai shi ga tamowa, ya cinye kuɗin taki a kemis, ya hana uwa sana'arta. Dattawanmu sun ga irin wannan riba da idonsu. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, manoma kwance da ƙafa a kumbure ana tsakiyar shuka. Ba allura ce ta kore shi ba, ƙyallen tace ruwa ne da rijiyoyi masu murfi da mutanen ƙauye da suka bi gida-gida. A 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Yau ka tambayi ɗan sakandare a Rabah mene ne kurkunu, sai ya waiwaya ya dubi kakansa.