Dutsen da Numfashinsa Ya Ƙare

Go wasa ne irin na dara da ya samo asali daga ƙasar Sin. Ana ɗora duwatsu baƙaƙe da farare a mahaɗar layuka 19 tsaye, 19 kwance. Gurbin da ke fili a gefen dutse Sinawa na kiransa "numfashi". In ka toshe na ƙarshe, ka ci dutsen. Amma rukunin da ya yi "ido biyu" ba ya ciyuwa, don ba a cike gurbi biyu a ɗori guda.

A kan wannan gwanaye ke tsara matsaloli, irin na littafin Igo Hatsuyoron na Japan na 1713. Sharaɗin shi ne amsa ta zama guda tak. Da na tsara tawa, abokina ya warware ta ta hanya biyu. Kwana uku na yi ina neman inda zan ƙara farin dutse ɗaya in toshe ta biyun.