Maganar tashar nukiliya a Nijar: wa zai auna tururin, wa za a gaya wa sakamakon?



Tun ƙarshen watan Yulin 2025, lokacin da ministan makamashin Rasha, Sergei Tsivilev, ya zo Yamai aka sa hannu a takardar fahimtar juna da kamfanin Rosatom, maganar tashar nukiliya ta shiga bakin mutane. A watan Satumba kuma ministan ma'adinai, Ousmane Abarchi, ya faɗa a Mosko cewa Nijar na son a gina mata tukwanen nukiliya biyu masu ba da wutar lantarki. Duk wanda ya kwana cikin duhu da zafi a 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke mana kuran, ya san abin da ya sa maganar ke da daɗin ji. Sai dai har yanzu a takarda take, kuma irin wannan aiki ba na yau da gobe ba ne. Masar ta ƙulla nata da Rasha tun 2015, aka zuba kankaren farko a El Dabaa a 2022, ana nan ana gini. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, ta Koeberg a Afirka ta Kudu, tun 1984.

To, tunda da sauran lokaci, yanzu ne ya kamata mu yi tambayar da mutanen Arlit suka daɗe suna yi: wa zai riƙa auna abin da ke fita daga irin wannan wuri ya shiga iska da ruwa da ciyawa, kuma in ya auna, wa zai gaya wa?

Muna cewa "tururin nukiliya" ne don rashin wata kalma, amma ba irin tururin tukunyar dambu ba ne. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba ka jin zafinsa a fata. Danginsa ne ake aiki da shi a asibiti in an ce a yi wa mutum radiyo don a ga ƙashin da ya karye (wancan radiyon na likita ne, ba namu ba). Kuma kowa na shan wani abu daga cikinsa kullum, daga ƙasa da duwatsu da sama da abinci. Ma'auninsa a jikin mutum ana kiransa milisibat. A matsakaicin lissafi na duniya, mutum na samun kusan milisibat 2.4 a shekara daga halitta kawai. Ƙa'idar hukumar nukiliya ta duniya, AIEA, ita ce kada wata ma'aikata ta ƙara wa mutumin gari fiye da milisibat 1 a shekara a kan wancan. Ma'aikacin da ke ciki shi an yarje masa har 20. In abin ya yi ta taruwa a jiki shekara da shekaru, haɗarin ciwon daji ne ke ƙaruwa, kuma ciwon ba ya zuwa da tambari a goshi da zai nuna daga ina ya fito. Shi ya sa gardama ba ta ƙarewa in babu ma'auni.

Ko tashar da ke aiki lafiya lau tana sakin ɗan wani abu, ta bututun iska da ta bututun ruwa, gwargwadon iyakar da doka ta yanka mata. Aikin masu sa ido yana farawa ne daga bakin bututun nan, inda na'urori ke ƙirga abin da ke fita dare da rana. Sai a kafa wasu a jikin shingen tashar da cikin ƙauyukan da ke kewaye. Wasu na zuƙar iska ta cikin matata, a cire matatar a kai ɗakin gwaji. Sannan akwai aikin ƙafa: a ɗebi ruwan rijiya, a yanko ciyawa, a ɗebi ƙasar gona, a sayi nono da kifi da kayan lambu a gwada.

Nonon nan makiyaya su lura da shi. In haɗari ya faru, ɗaya daga cikin abubuwan da ke fita shi ne wani nau'in ayodin mai tururi. Yana sauka kan ciyawa, saniya ko akuya ta ci, ya bi nono, yaro ya sha, ya je ya taru a wuya, daidai inda maƙoƙo ke fitowa. Ƙarfinsa na raguwa da rabi duk kwana 8, wato in an gano da wuri aka dakatar da shan nonon na ƴan makonni, an tsira. A Carnobil ta Yukren, inda tukunya ta fashe ranar 26 ga Afrilun 1986, ba a gaya wa ƙauyawa da wuri ba, daga baya yara dubbai suka kamu da ciwon dajin wuya. Kuma kun san yadda duniya ta ji labarin? Ba daga bakin hukumomin Tarayyar Sobiyat ba. Bayan kwana biyu ne na'urar da ke ƙofar wata tasha a Suwidin, mai suna Forsmark, nisan fiye da kilomita 1,000, ta yi kuka a kan takalman ma'aikata. Da aka bi sawun iska, sannan Mosko ta amsa.

Amma duk wannan awo ba shi da amfani sosai in ba a yi na farko ba, wato a auna wuri tun kafin a kafa tubali. Wanda ya ba da kiwo bai ƙirga dabbobinsa ba, ranar karɓa ba shi da bakin cewa an rage. Ƙasa ma ba ɗaya take ba: dutse irin na tsaunukan Muniyo a halittarsa ya fi rairayi tururi. In ba a rubuta adadin jiya ba, gobe in aka samu adadi mai yawa, kamfani zai ce haka Allah ya yi wurin, mutanen gari su ce ku kuka kawo, kuma babu alƙalin da zai raba.

Ba sai mun je Turai neman misali ba, muna da Arlit. Tashar lantarki ba ta can, amma can ake tono abin da tashoshin ke ci. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da uraniyom a 1971. COMINAK ta Akokan, mai rami a ƙarƙashin ƙasa, ta fara a 1978, ta rufe ranar 31 ga Maris 2021. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, in an niƙa dutse an tace uraniyom an tafi da shi, wajen kashi 80 cikin 100 na tururin yana nan cikin dusar da aka bari. COMINAK kaɗai ta bar tsibin wannan dusa kusan ton miliyan 20, a fili mai faɗin hekta 120. A cikinta akwai radiyom, wanda sai bayan shekara 1,600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, shi kuma yana fitar da wata iska mai suna radon da ke cutar da huhu. Shirin da kamfanin Orano, wanda a da ake kira Areva, ya gabatar shi ne a rufe tsibin da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2.

Shekaru da dama, yawancin adadin da ake ji daga Arlit na kamfanin ne da kansa, kuma asibitocin garin ma nasa ne. Abin ya fara canzawa da wani ma'aikacin SOMAIR, Almoustapha Alhacen, ya kafa ƙungiyar Aghir In'Man tare da ƴan uwansa, suka gayyato CRIIRAD, wani ɗakin gwaji mai zaman kansa na Faransa. Da tawagar ta sauka Yamai a Disamban 2003, sai aka ƙwace mata na'urori a filin jirgi. Da ɗan abin da ya rage a hannunsu suka gano ƙarafa masu tururi ana sayarwa a kasuwar Arlit, tsofaffin bututu da tarkacen ma'aikata, irin waɗanda mutane ke saye su yi rufin ɗaki ko kayan gida. A Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ita ma. Rahotonta na 2010 ya ce a wani wuri a titin Akokan ta auna tururi da ya kai ninki 500 na abin da aka saba, saboda an yi cikon titi da duwatsun rami, kuma a cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗiba, 4 sun wuce iyakar uraniyom da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawara. Kamfanin ya kwashe duwatsun titin, ya shiga bin unguwanni da na'ura, amma ya tsaya a kan cewa abin da ayyukansa ke ƙara wa mutanen gari bai wuce milisibat 1 ɗin da doka ta yarda ba.

Ko wanne ka gaskata, abu ɗaya a fili yake: ba a kwashe duwatsun nan ba sai da wani na waje ya zo da tasa na'urar.

Yau al'amura sun juya. Gwamnati ta janye wa Orano lasisin Imuraren a Yunin 2024, ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yunin 2025. A Disamban 2025 ministan shari'a, Alio Daouda, ya ce an gano ganguna 400 masu ɗauke da abu mai tururi a Madawela kusa da Arlit, ya ɗora wa Orano laifi, kamfanin kuma ya ce shi ba shi da aiki a wurin. Wannan na masu shari'a ne. Abin da ya shafe mu shi ne, tunda yanzu ƙasa ce mai rami, gobe kuma wataƙila ita ce mai tasha, to tambayar ba ta mutu ba, sai ma ƙara nauyi da ta yi. Muna da hukumomi: HANEA, da aka kafa a 2013 don ciyar da harkar nukiliya gaba, da ARSN, da dokar 2016 ta kafa don sa ido, ga kuma cibiyar IRI a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Raba mai tallata abu da mai sa masa ido daidai ne. A ganinmu abin da ya rage shi ne mai sa idon ya samu kuɗi da kayan aiki da ƙwararru nasa na kansa, a bar jami'a da ƙungiyoyi su yi nasu awon ba tare da an tare su a hanya ba, sannan a fito da adadin, a karanta shi a gidajen radiyo da Hausa da Barbarci da Tamashek da Fulatanci da Tubanci. Adadin da ke kulle cikin ofis a Yamai da Faransanci bai tsare yaron kowa ba. Mutanen Tibirin Gobir sun san wannan. Can ba tururi ba ne, sinadarin fuluwo ne ya yi yawa a ruwan famfon da aka haƙa a shekarun 1980, yara suka yi ta sha shekara da shekaru, sai da haƙora suka ɓaci ƙafafu suka lanƙwashe sannan aka gane ruwan ne.

Wani zai ce mu a Gure ina ruwanmu? Gaskiya ne, tashar nukiliya ruwa mai yawa take sha don sanyaya tukunyarta, shi ya sa aka fi gina ta bakin teku ko babban kogi, ba tsakanin tuddan rairayinmu ba. Ƙurar Arlit ma ba ita ce damuwarmu ba, tafiyar da nisa, kuma iskar radon rabinta ke mutuwa cikin ƙasa da kwana 4. Abin da ke iya iso mu shi ne abin da mota ke ɗaukowa: mutane da ƙarfe. Gida nawa ne a nan ba su da ɗa a Agadas ko Arlit ko wuraren haƙar zinariya? Sannan ruwan kwarurrukanmu na dabino da rogo da kanwa kusa yake da sama, abin da aka jibge a ƙasa ba ya daɗewa bai same shi ba.

Don haka ga ƴan uwa da ke aiki a ramukan uraniyom: ƴar na'urar nan da ake maƙala muku a riga, dozimetir, ita ke ƙirga abin da jikinku ya sha. Ku riƙa tambayar adadinku, ku nemi a ba ku shi a rubuce, ku adana takardar ko bayan kun bar aiki, don ciwon kan jima bai bayyana ba. Kayan aiki kuma a bar su can, kada a kawo gida a wanke tare da na yara.

Maƙera da masu sayen tsohon ƙarfe, ku ne a gaba. A 1987, a garin Goyaniya na Barazil, masu tsintar ƙarfe sun fasa wata tsohuwar na'urar asibiti, suka samu gari mai sheƙi shuɗi a ciki, suka raba wa dangi don sha'awa. Mutum 4 suka mutu, aka gwada fiye da 100,000. In kun ga ganga ko bututu ko wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ko mai alamar fukafukai uku irin na fanka a kan launin rawaya, kada ku fasa, kada ku narka, kada ku kai gida. Bututun da ya fito daga ma'aikatar uraniyom, ko babu alama a jikinsa, ba na ɗibar ruwa ba ne ba kuma na yin tukunya ba. A matsa nesa da shi, a hana yara zuwa wurin, a sanar da mai gari ko ofishin magajin gari ko jandarmomi, su ne za su kira ARSN ta zo da na'ura.