Shin sauya madabod da furosesa na tilasta wa mai kwamfuta sake ɗora Windows?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Matakin ya shafi masu shagunan buga takardu da cike fom a unguwanni irin su Kaura Goje da ke Ƙaramar Hukumar Nassarawa a Kano, domin akasarin kwamfutocin da ake aiki da su a irin waɗannan shaguna na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga ƙetare.

Windows 11 na buƙatar furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 ta AMD, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Furosesar zubi na 8 kuwa ba ta aiki a kan babban allon zubi na 6 ko na 7, wanda masu gyara ke kira madabod. Dole a sauya su tare. A nan ne mai shago kan ji an ce sai an yi "fomatin", wato a goge komai.

Gaskiyar magana, a mafi yawan lokuta ba dole ba ne. Windows 10 da 11 kan gane sababbin kayan aiki da zarar an kunna, su ɗora direbobin da suka dace. Idan furosesa kaɗai aka sauya, da wuya a buƙaci abin da ya wuce sabunta BIOS.

Sai dai akwai wurare uku da ake tuntuɓe.

Na farko lasisi ne. Microsoft na ɗaukar sabon madabod a matsayin sabuwar kwamfuta. Lasisin da aka saya daban ana iya mayar da shi, musamman idan an haɗa shi da asusun Microsoft kafin sauyin. Wanda ya zo tare da kwamfutar Dell ko HP kuwa a ɗaure yake da tsohon allon, kuma fomatin ba zai dawo da shi ba.

Na biyu BitLocker, manhajar da ke kulle bayanai. Makullinta na cikin TPM na tsohon allon. Bayan sauyi za ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Wanda bai adana ta ba ya yi asarar takardunsa, babu mai gyaran da zai iya buɗe su.

Na uku yanayin tashin kwamfuta. Faifan da aka tsara da tsohon salon MBR ba zai tashi a allon da ke aiki da UEFI kaɗai ba, amma manhajar MBR2GPT da ke cikin Windows na juya shi ba tare da goge komai ba. Haka kuma saɓani tsakanin AHCI da RAID kan jawo shuɗin allo, wanda saiti kawai ke gyarawa.

Saboda haka, kafin a ɗauki kwamfuta zuwa Titin Beirut, a kwafe fayiloli zuwa wani faifai, a rubuta lambar BitLocker, a duba nau'in lasisi. A fara gwada kunnawa da tsohuwar Windows. Idan ta riƙa sarƙewa, sannan a sake ɗorawa.

A faifan mai shago akwai takardun shaidar karatu, hotunan fasfo da bayanan jama'ar unguwa. Goge su ba abu ne da za a amince da shi don mai gyara yana sauri ba.