Firinta lafiya lau amma ta ƙi buga takarda: Ina matsalar take?

A shagunan buga takardu, musamman lokacin da ɗalibai ke tururuwar fitar da takardun jarrabawar JAMB, tsayawar firinta na awa guda asara ce ta kuɗi da kwastomomi. Sau da yawa mai shago kan kinkimi na'urar zuwa wurin mai gyara, alhali laifin ba nata ba ne.

A cikin Windows akwai wata manhaja mai suna Print Spooler da ke aiki a bayan fage. Ita ke karɓar takardun da aka tura, ta jera su a layi, sannan ta miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya. Idan ta ƙi tashi, kwamfuta ba za ta buga ko shafi ɗaya ba, wani lokaci ma sunan firintar ɓacewa yake yi.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo hakan shi ne lalataccen fayil da ya maƙale a layin, kamar idan aka ɗauke wuta ana tsaka da bugawa. Maganinsa shi ne a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta services.msc, a nemo Print Spooler a tsayar da ita. Daga nan a shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS a goge fayilolin ciki, ban da jakar kanta, sannan a sake tayar da manhajar.

Idan kwamfuta ta nuna kuskure mai lamba 1068, wata manhajar da Print Spooler ta dogara da ita ce ba ta aiki, don haka sai a duba Remote Procedure Call. Idan kuma tana tashi tana mutuwa nan take, direban firinta ne abin zargi. A cire shi, a sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Akwai kuma inda da gangan aka kashe ta. A 2021 an gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa PrintNightmare, wadda ke bai wa masu kutse damar ƙwace kwamfuta ta Print Spooler, lamarin da ya sa ma'aikatu da dama suka rufe ta. Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa a Yulin shekarar. Saboda haka ma'aikacin ofis da ya tarar da ita a kashe ya tuntuɓi jami'in kula da kwamfutoci kafin ya kunna.