Wa Ke Riƙe da Ludayi? Abin da Ya Raya Fursunonin Yaƙi da Abin da Ya Kashe Su

Wanda ya san fursunonin Yaƙin Duniya na Biyu ta fina-finai kaɗai zai ɗauka ba su da aiki dare da rana sai haƙa ramin tserewa. Labarin da ya fi yin suna shi ne na sansanin Stalag Luft III na Jamus, inda a watan Maris na 1944 sojojin sama 76 suka sulale ta ramin da suka haƙa a ƙarƙashin shingen waya. Uku ne kawai suka isa gida. An kamo 73, aka harbe 50 daga cikinsu bisa umarnin Hitler. Babu mai musun jarumtar waɗannan mutane, amma labarinsu ya danne na miliyoyin da ko ƙarfin ɗaga shebur ba su da shi, balle su haƙa rami. Idan aka bi alƙaluman wancan yaƙi a tsanake, abin da ke fitowa fili shi ne cewa rayuwa ko mutuwar fursuna, tun kafin a zo maganar wayonsa ko taurin zuciyarsa, hukunci ne da wanda ya kama shi ya riga ya yanke: zai ciyar da shi a matsayin mutum, ko zai ci moriyar ƙarfinsa ya yar. A ɗan sararin da ya rage bayan wannan hukunci, tsari da riƙon juna ne suka raya mutane.

A fara da Jamus, don a can hujjar ta fi fitowa ƙarara. Cikin sojojin Birtaniya da Amurka da suka faɗa hannunta, waɗanda suka mutu a tsare ba su wuce kashi 4 cikin 100 ba. Sojojin Tarayyar Sobiyet kuwa, an kama kimanin miliyan 5.7, kuma kimanin miliyan 3.3 suka mutu. Wajen miliyan 2 daga cikinsu sun riga sun mutu kafin watan Fabrairu na 1942, akasari saboda yunwa, sanyi da cuta, a filayen da aka kewaye da waya ba tare da ko rumfa ba. Rundunar soja ɗaya ce ke tsare da ɓangarorin biyu, wani lokaci ma a sansani ɗaya, shinge kawai ya raba su. A wannan gefe Baturen Ingila yana karɓar ƙunshin Red Cross mai ɗauke da naman gwangwani, madara, shayi da sabulu. A ɗaya gefen ɗan Rasha yana tonon ɓawon dankali. Hujjar da Jamus ta kafa ita ce Sobiyet ba ta sa hannu a Yarjejeniyar Geneva ta 1929 ba, alhali yarjejeniyar ta ɗora nauyin a kan duk ƙasar da ta amince da ita, ko da abokiyar gabarta ba ta amince ba. Ainihin dalilin aƙida ce ta fifita jinsi. Ita ce kuma ta sa a watannin Mayu da Yuni na 1940 sojojin Jamus suka riƙa ware baƙaƙen sojojin Faransa da suka miƙa wuya suna harbewa, kamar yadda aka yi a Chasselay ta Faransa. An ɗebo waɗannan sojoji ne daga ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka, har da Nijar, kuma waɗanda suka tsira, ciki har da Léopold Senghor da daga baya ya shugabanci Senegal, an tsare su ne a sansanoni cikin Faransa don kada su zauna a ƙasar Jamus.

A hannun Japan, kimanin kashi 27 cikin 100 na fursunonin ƙasashen Yamma ne suka mutu. Wasu kan ce ai al'ada ce, domin an horar da sojan Japan ya ɗauki kamu a matsayin abin kunyar da ya fi mutuwa, don haka ba ya ganin fursuna da gashi. Akwai gaskiya a ciki, sai dai wannan horo sabo ne, kuma hukuma ce ta dasa shi. A Yaƙin Duniya na Farko, ita dai wannan Japan ta tsare Jamusawa kimanin 1,000 a sansanin Bando, inda suka riƙa gasa burodi, suna buga jarida, har a 1918 suka yi kiɗan Beethoven. Tsakanin Bando da dajin Tailan, inda Japan ta sa fursunoni aikin layin dogo a 1943, shekara 25 ce kacal. Shawarar masu mulki ce ta sauya a tsakani.

Sunan Bama ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tun da dubban 'yan Najeriya sun yi yaƙi a can cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a bayan fagen da suka fafata akwai layin dogo mai tsawon kilomita 415 da Japan ta shimfiɗa daga Tailan zuwa Bama don kai wa dakarunta kaya, aka kammala shi a watan Oktoba na 1943. Fursunonin yaƙi kimanin 60,000, 'yan Birtaniya, Ostiraliya, Holan da Amurka, aka tura aikin, kuma sama da 12,000 ba su dawo ba. Abincinsu farar shinkafa ce da ɗan romon ganye. Shinkafar da aka surfe ta tas ta rasa sinadarin da ke cikin dusarta, don haka ƙafafu suka kumbura, jijiyoyi suka mutu, zuciya ta gaza. A kan wannan aka ɗora zazzaɓin cizon sauro da atini, sannan da daminar 1943 ta sauka kwalara ta shigo, daidai lokacin da injiniyoyin Japan suka matsa a gama aiki, ana fasa dutse da guduma cikin dare da hasken wuta. Ɗan ƙurjin da tsinin gora ya yi wa mutum a ƙwauri, cikin makonni sai ya zama gyambo har ana hango ƙashi. Dokar sansani kuma ita ce wanda ba ya aiki a rage masa abinci, wato mai jinya, wanda ya fi kowa buƙatar ci, shi ake fara yanke wa rabo.

A cikin wannan ƙunci ne tsari ya nuna amfaninsa. Likitocin da ke cikin fursunonin, irin su Edward Dunlop da Albert Coates na Ostiraliya, sun yi aiki kusan hannu rabbana. Sukan wasa cokali su kankare ruɓaɓɓen naman gyambo, abokan mai ciwon na danne shi don babu allurar kashe zafi. Coates ya yanke ƙafafu sama da 100 a wani sansanin jinya a Bama don ceton ran masu su. Ga mai kwalara, sukan tace ruwa su haɗa da gishiri, su ɗura masa ta jijiya da robar abin awon ƙirji. Amma abin da ya fi ceton rayuka bai kai wannan ban mamaki ba: a tafasa ruwan sha, kowa ya tsoma kwanonsa a tafasasshen ruwa kafin a zuba masa abinci, a haƙa masai nesa da kicin, a ƙone gawar wanda kwalara ta kashe. Aka kuma kafa asusu, ana cirar wani abu daga ɗan kuɗin da ake biyan hafsoshi da masu aiki don saya wa marasa lafiya ƙwan agwagwa. Wani ɗan kasuwar Tailan mai suna Boon Pong ya riƙa shigo musu da magani a ɓoye, yana sane cewa in aka kama shi ransa ne. A ƙasa da duk wannan akwai ƙananan rukunoni na mutum uku ko huɗu da ke raba duk abin da suka samu. In ɗaya ya kwanta, wani ya karɓo masa shinkafarsa, ya wanke shi, ya matsa masa ya haɗiye ko ba ya so. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma waɗanda suka tsira sun sha nanata cewa wanda ba shi da aboki bai cika daɗewa ba.

Akwai alƙaluman da ke goyon bayan wannan. A ayarin da ake kira F Force, mutum kimanin 7,000 da aka kwaso daga Singafo a watan Afrilu na 1943 aka tattaka da su wajen kilomita 300 a ƙafa zuwa aikin dogon, kusan kashi 60 cikin 100 na 'yan Birtaniya suka mutu, 'yan Ostiraliya kuwa ƙasa da kashi 30. Adalci ne a faɗi cewa wani ɓangare na bambancin ya zo ne daga munin sansanonin da aka jefa 'yan Birtaniyar da kuma raunin da da yawansu suka taso da shi. Duk da haka, masana tarihi na lissafa cewa 'yan Ostiraliyar sun tafi cikin rundunoninsu na asali, da mutanen da suka san juna, kuma sun fi tsananta dokar tsafta.

Mai ja da wannan magana zai ce ana ƙawata abin da ba shi da kyau, domin a sansanoni an yi sata, an yi cinikin bayan fage, kuma wasu sun rayu ne a kan wuyan 'yan'uwansu. Haka ne, kuma ba daidai ba ne a ɓoye. Hafsoshi, waɗanda galibi ba a tura su fasa dutse kuma ana ba su kuɗi fiye da kurata, sun mutu ƙasa da ƙananan sojoji nesa ba kusa ba. Sai dai wannan ma komawa yake ga batun farko, wato yawan aiki da yawan abinci. Ɓarawo ko ɗan kasuwar sansani yana iya raya kansa shi kaɗai, amma ba ya rage yawan gawar da ake fitarwa kullum; asusun jinya da tukunyar tafasa ruwa suna ragewa. Kuma kada a ɗauka riƙon juna na iya kayar da mugun nufin mai tsaro. A Sandakan da ke tsibirin Borneo, cikin fursunoni kimanin 2,400 mutum shida ne suka rayu, dukansu ta hanyar gudu cikin daji. Waɗancan ba su rasa zumunci ba. Abinci aka hana su har ƙarshe. Shaida mafi ɗaci kuwa ita ce ta leburorin Asiya, Tamil, 'yan Bama, 'yan Malaya da na Java, da aka kwaso aikin dogon da yaudara ko tilas. Ba su da likitocinsu, ba su da hafsan da zai tsaya ya yi musu gardama, ba mai rubuta sunayensu. Ana ƙiyasta cewa kimanin 90,000 daga cikinsu suka mutu, ninkin fursunonin sau bakwai, a kan layi ɗaya.

Saura masu cewa dokar yaƙi takarda ce kawai. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar 1929 amma ba ta tabbatar da ita ba, Jamus ta tabbatar amma ta zaɓi wanda za ta yi wa aiki da ita. To amma ratar da ke tsakanin kashi 4 na 'yan Birtaniya da Amurka da kusan kashi 60 na 'yan Sobiyet ita kanta shaida ce cewa inda aka bi takardar, inda aka bar jami'an Red Cross suka shiga suka ƙirga mutane suka kawo kaya, fursunoni sun koma gida. Waɗanda suka zauna a Geneva a 1949 sun karanci abin da ya faru a dajin Tailan. Tsohuwar doka cewa ta yi a ba fursuna irin abincin da ƙasar da ta kama shi ke ba sojojinta na bariki, ma'aunin da bai hana mutum ya lalace a kan farar shinkafa ba. Sabuwar yarjejeniya ta uku, a sashe na 26, ta wajabta abincin ya isa a yawa da inganci da bambanci, yadda fursuna ba zai rame ba kuma ba zai kamu da cutar ƙarancin sinadari ba, a kuma yi la'akari da irin cimar da ya saba. Ƙasashe 196 ne suka amince da ita, har da Najeriya da Nijar.