Akwatin ya ruɓe, muryar tana nan: Yadda ake raya tsofaffin lasifikoki a gida

Lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, kayan sauti na cikin abubuwan da kuɗin ya fi tafiya a kansu. Falon ma'aikaci bai cika ba sai da na'urar juya faifai, da amfilifaya, da manyan akwatunan lasifika biyu, yawanci ƙirar Japan irin su Pioneer da Sansui, wasu kuma na Ingila kamar Wharfedale da Goodmans. Yau da yawa daga cikin akwatunan nan suna jibge a sito, damshi ya kumbura katakonsu, magada kuma suna miƙa wa 'yan gwangwan su a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba. Sau da yawa akwatin ne kaɗai ya mutu. Ƙwayar lasifikar da ke ciki, wato maganaɗisu da naɗin waya da mazurarin takarda, tana iya sake yin wasu shekaru masu yawa tana aiki.

A Japan da Ingila da Amurka akwai masu sha'awa da suka mayar da farautar irin waɗannan ƙwayoyi abin yi, suna ƙera musu sababbin akwatuna da hannunsu. Wadda suka fi rububi a kanta ita ce Dual Concentric ta kamfanin Tannoy, wadda injiniya Ronald Rackham ya ƙera a Landan a 1947. Dabararsa ita ce ya ɓoye ƙaramar ƙwaya mai fitar da siririn sauti a bayan maganaɗisun babbar, sautin ya biyo ta tsakiya, mazurarin babbar ya zame masa kamar bakin kakaki. Da haka kauri da siriri suke fitowa daga wuri guda, su iso kunne kusan lokaci guda. Shi ya sa ɗakunan ɗaukar waƙa na Ingila suka daɗe suna dogara da ita. Samfurin Monitor Gold da ya fito a 1967, mai inci 10 da 12 da 15, har yanzu ana cinikinsa da tsada.

Wani ɓangare na darajar tsofaffin ƙwayoyi yana da nasaba da Afirka. Maganaɗisunsu na alniko ne, haɗin alminiyam da nikel da kobalt da ƙarfe. A 1978 yaƙi ya ɓarke a Kolwezi da ke lardin Shaba na ƙasar Zayar, inda ake haƙo kaso mai tsoka na kobalt ɗin duniya, farashi ya ninka sau da dama. Cikin 'yan shekaru Tannoy da JBL da sauransu suka koma maganaɗisun ferait mai araha. Masu sha'awa suna rantsuwa cewa alniko ya fi daɗin sauti. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma akwai zuzutawa ma: ƙwayar ferait mai kyau ta fi ta alniko da ta gaji, domin alniko yana rage ƙarfi idan aka cika masa wuta ko ya sha faɗuwa.

Kafin a kira kafinta, ƙwayar ake fara dubawa. A tura mazurarin a hankali da yatsu a kewayen tsakiya. Idan aka ji gurzawa, naɗin waya yana taɓa ƙarfe. A auna da mita: ƙwaya mai om 8 takan nuna wajen om 6, kuma ya kamata biyun su yi kusan daidai. Batirin tocila mai bolt 1.5 ya isa ya nuna ko tana motsi, da kuma ɓangaren da take turawa. Sai bakin mazurarin. Ƙwayoyi da yawa na shekarun 1970, ciki har da Tannoy HPD ta 1974, da soso aka zagaye su, soso kuwa yana rugurgujewa, zafi da damshin damina suna gaggauta masa. Ana iya sauya shi kaɗai.

A nan ne ake tafka asarar da ta fi kowace ciwo. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, da kyakkyawar niyya, yakan yage mazurarin asali ya manna wanda ya samu, ya sake naɗa waya da wadda ke hannunsa. Ƙwayar za ta yi ƙara, amma nauyin takarda da yawan naɗi su ne muryarta, an kuwa canza su. Darajarta a kasuwa ma ta tafi. Gara a jira kayan gyara da suka dace da samfurin, ko da za a yi wata biyu kafin su iso.

Akwati kuma ba a yin sa da ƙiyasin ido. Injiniyan Ostireliya Neville Thiele ya wallafa lissafinsa a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, kuma a kansa ake tafiya har gobe. Lambobi uku ne ginshiƙi: Fs, inda ƙwayar ke kaɗawa da kanta, Vas, laushinta idan aka kwatanta da litocin iska, da Qts, yadda take tsayar da motsinta. Idan Qts bai kai 0.4 ba, akwati mai bututun iska ya fi dacewa. Idan ya haura 0.5, rufaffen akwati ko buɗaɗɗen allo. Ƙwayar da ta shekara 50 ba lallai ta yi daidai da takardar kamfani ba, don haka sake aunawa da kwamfuta ya fi dogaro da tsohon littafi.

Abin da ke ba mazauna gidajen haya na Kubwa ko Lugbe tsoro shi ne girma. Tsarin irin waɗannan ƙwayoyi ya samo asali ne daga zamanin amfilifaya mai kwalba, lokacin da wat 15 abin alfahari ne, saboda haka da 'yar wuta kaɗan suke cika ɗaki. Ladan wannan shi ne akwati: ba a haɗa ƙanƙanta da kaurin sauti da tsimin wuta a wuri guda, biyu ake zaɓa. Mai inci 15 tana son lita 150 zuwa sama, kusan girman ƙaramin firiji, kuma guda biyu ake buƙata. Wanda falonsa ya matse, ya nemi mai inci 10 ko 8, ya zauna lafiya da uwargida.

Filawud mai kauri milimita 18 ya fi MDF jure damshi. A ƙarfafa bango da sanduna daga ciki don kada katako ya riƙa amsa waƙar, a liƙe kowace gaɓa da gam, a shimfiɗa auduga ko soso a bango ba tare da toshe bututu ba. A marabar sauti, wato 'yan kayan da ke raba kauri da siriri, tsofaffin kafasito sukan bushe; a sauya su da masu lamba iri ɗaya, a bar naɗin waya na asali.

Yadin gaba kuwa kada a raina shi. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, maganaɗisu yana janyo shi zuwa siririn gibin da naɗin waya ke kai-komo, kuma a Tannoy wannan hanya tana kusa da bakin ƙaramar ƙwaya. Amfilifayar zamani mai wat 200 ma hatsari ce ga Monitor Gold mai inci 15, wadda aka ƙayyade wa wat 50. A kashe amfilifaya kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareto, domin bugun nan guda yana iya ƙona naɗin da aka yi tun 1967.